Kundin aiki: neman shinkafar da ke cika zangarniyarta

6 ga Yuni, 2022

Yau muka zuba irin iyaye biyu a gadon reno. Abin da muke nema shi ne shinkafar ban ruwa da za ta fi wadda muke da ita yawan tsaba a hekta ɗaya, ba tare da ta ƙara kwanaki a gona ko ta nemi ƙarin taki ba.

Uwar gajera ce, jinsin indika (ɗaya daga cikin manyan jinsunan shinkafar Asiya biyu, ɗayan shi ne japonika), tana fitar da 'ya'yan gindi da yawa, zangarniyarta matsakaiciya amma kusan kowace ƙwaya tana cika. Uban dogo ne, karansa mai kauri, 'ya'yan gindinsa kaɗan, zangarniyarsa kuwa abin kallo, kuma yana da jinin japonika irin ta ƙasashe masu zafi. A cikin kundin nan zan riƙa kiransu Gajera da Mai-kauri.

Amfanin shinkafa abu huɗu ne ake ninkawa da juna: yawan zangarniya a murabba'in mita ɗaya, yawan ƙwaya a kowace zangarniya, kason ƙwayoyin da suka cika, da nauyin ƙwaya dubu. A ce an sami zangarniya 300, kowace da ƙwaya 120, kashi 85 cikin ɗari suka cika, ƙwaya dubu kuma ta auna giram 25. Lissafin zai ba da giram 765 a murabba'in mita, wato tan 7.65 a hekta. A kan takarda sai mutum ya ce to mai zai hana a ɗaga 120 ɗin nan zuwa 200 a huta? Abin da ya hana shi ne huɗun nan daga tukunya ɗaya suke ci. Ganyen da ke sarrafa hasken rana bai ƙaru ba, saboda haka idan ƙwaya ta yi yawa sai zangarniya ta ragu, ko cikar ta ragu. Nauyin ƙwaya ne kaɗai ba ya cika motsi, domin ɓuntu yana gama girmansa tun kafin fure, ƙwaya kuma ba ta iya wuce girman rigarta. Fafutukarmu ke nan a kan sauran ukun.

Za mu sake zuba kowane iri sau uku, mako-mako, saboda Mai-kauri ya fi jinkirin fitar da kai kuma dole furensu ya haɗu.

31 ga Agusta, 2022

An yi barbara. Shinkafa ita take yi wa kanta barbara, bununin kowane fure yakan faɗa kan matar da ke cikin furen tun yana buɗewa, abin da ke shigowa daga waje yawanci bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wanda ke son haɗa iri biyu sai ya riga ta.

Da yamma muka zaɓi zangarniyun Gajera waɗanda suka fito rabi daga cikin kube, wato gindin ganyen da ke rungume da kara, muka yanke furannin sama da suka riga suka buɗe da na ƙasa da ba su nuna ba. Sauran muka datse wa kai da almakashi a karkace, kamar sulusin tsawonsu, muka zare jakunkunan bununi da ɗan hantsaki. Guda shida ne a kowane fure, kuma ƙidaya su ake yi, domin ɗaya tak da aka bari ya isa ya ɓata aikin. Muka rufe da ambulan mai ƙyalli. Washegari da hantsi, lokacin da furen Mai-kauri ya fara buɗewa, muka yanko zangarniyunsa muka kaɗa a cikin ambulan ɗin. Bununin shinkafa ba ya jimawa, cikin 'yan mintoci kaɗan yake mutuwa bayan ya bar jakarsa, shi ya sa ake ajiye tukwanen uwa da uba kusa da juna.

28 ga Satumba, 2022

Mun cire ƙwayoyin barbara. Tsirara suke, sun leƙo ta inda aka datse ɓuntu, wasu a motse. Za a busar da su a sa su a ɗumin digiri 50 na kwana huɗu zuwa biyar don karya musu barci kafin shuka.

20 ga Fabrairu, 2023

Zuriya ta farko, F1, ta fitar da kai a rumfar raga. Dukkansu kamarsu ɗaya, dogaye, masu ƙarfi, sun fi iyayen biyu cika ido. Biyu ne kawai suka fito gajeru sak irin uwar, alamar bununinta ne ya riga namu, muka tumɓuke su.

Wani baƙo da ya zagayo ya tsaya a kansu ya ce ai kun gama, me kuke jira? Ƙarfin da ya gani ƙarfin gauraye ne, kuma ba ya gaduwa yadda yake. A kansa Yuan Longping ya gina shinkafar haɗi a ƙasar Sin, bayan an gano wata shinkafar daji maras bununi a tsibirin Hainan a 1970, har manoma suka fara nomanta sosai a 1976. Sai dai mai noma irin haɗi dole ya sayi sabon iri kowace shuka. Mu tsayayyen iri muke so, wanda manomi zai ɗebi na shuka daga abin da ya girbe, kuma wannan yana nufin jiran zuriya biyar ko shida.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne holoƙo. Zangarniyun F1 da yawa ba su cika ba, wasu tsaye suke ƙyam don rashin nauyi. Wannan sanannen abu ne idan aka haɗa indika da japonika: wani ɓangare na ƙwan mace ko na bununi yakan lalace saboda jinin biyu bai gama jituwa ba. Zai ragu a zuriyoyin gaba idan ana zaɓe, amma zai rikita mana awo. Idan muka ga holoƙo a zuriya ta biyu, F2, ba za mu iya cewa nan take rashin jituwa ne ko kuwa tsiron ne ya ɗauki ƙwayar da ta fi ƙarfinsa ba.

5 ga Yuli, 2023

An dasa F2, tsiro ɗaya a kowane rami, tazarar santimita 20 ta kowane gefe, wato rami 25 a murabba'in mita. Bayan kowane layi ashirin mun sa layin Gajera da layin Mai-kauri don ido ya sami abin kwatance. Masu dashe sun saba sa biyu ko uku a rami, sai da muka yi ta bin su muna dubawa, domin a F2 kowane tsiro daban yake da ɗan'uwansa, idan biyu suka haɗu a rami ɗaya ba a san wanda ake yabo ba.

19 ga Satumba, 2023

Gonar yanzu kamar ba daga iyaye ɗaya ta fito ba. Dogo da gajere, mai saurin fitar da kai da wanda ko ciki bai ɗauka ba, mai ganye tsaye da mai ganye a sunkuye. Da muka ƙidaya tsawo a wasu layuka, dogaye sun ninka gajeru kusan sau uku.

Wannan rabon na uku da ɗaya shi ne abin da aka gani a cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, a Los Baños ta ƙasar Filifin, bayan Peter Jennings ya haɗa Peta, doguwar shinkafar Indonesiya, da Dee-geo-woo-gen, gajerar Taiwan, a 1962. Rabon ya nuna musu cewa ƙwayar gado (abin da ke ɗaukar hali daga iyaye zuwa 'ya'ya) guda ce ke riƙe da gajarta, ita ce aka sa wa suna sd1. Daga zuriyar wannan haɗi Henry Beachell ya zaɓo layin da aka saki a 1966 da sunan IR8. Sai a 2002 aka gano aikin ƙwayar: tana rage sinadarin jibaralin da ke miƙar da gaɓoɓin kara. Kafin IR8, idan aka ƙara wa shinkafa taki sai ta ƙara tsawo da ganye ta kwanta a ruwa. Bayanta, takin ya koma tafiya cikin ƙwaya. Tsofaffin dogayen iri kusan kashi 30 cikin ɗari na busasshen nauyinsu ne tsaba, gajerun suka kai shi wajen kashi 50. Babban tsallen da aka yi a wancan zamani daga nan ya fito, ba daga girman zangarniya ba.

Ga ƙa'idar da muka tsayar don zaɓe a wannan zuriya. Za mu yi hukunci ne kawai a kan halayen da ke bin jini sosai kuma ido ke iya gani a tsiro guda: tsawo, kwanakin nuna, siffar ƙwaya, tsayuwar ganye, kaurin kara, zubar da ƙwaya tun kafin girbi, da cutar da ta bayyana ƙarara. Yawan amfanin tsiro guda ba ya ciki. Tsiron da ya faɗa gefen kunya, ko kusa da ramin da ɗan'uwansa ya mutu, ko inda taki ya taru, zai yi 'ya'ya ninki biyu, kuma ko ɗaya daga cikin wannan alheri ba zai bi 'ya'yansa ba. Ga kuma wani tarko: dogo mai baje ganye yana shanye hasken maƙwabcinsa gajere, sai ya zama shi ne gwarzo a gonar gauraye. Ranar da aka shuka irinsa zalla, kowa na danne kowa, gwarzantakar ta ƙare. C. M. Donald, masanin aikin gona a Ostireliya, ya yi wannan bayani tun 1968 lokacin da yake zana siffar alkamar da ta dace: tsiron da zai ba da amfani mai yawa a cikin jama'a shi ne wanda ba ya cin zalin na kusa da shi. Saboda haka gajerun da dogaye suka rufe, muna buɗa ganye mu duba su da kyau kafin mu wuce.

26 ga Oktoba, 2023

Girbin F2, kuma yau aka yi gardamar da na san za a yi.

Dattijon da ke kula mana da ruwa da masu aikin gona ya shafe shekaru yana kallon shinkafa, idonsa kuma ba abin rainawa ba ne. Ya zo da wata zangarniya da ta kai tsawon damtse ya ɗora min a kan littafi.

"Malam, wannan kuka bari ba alama? Ko ni da ban yi boko ba na san uwar iri idan na gan ta."

Na ce, "Baba, a murza ta mu gani."

Muka zage ta a kwano muka zuba ruwa. Abin da ya taso sama ya kusa kai wanda ya nutse. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe kallon kitse yake yi wa rogo. Amma bai sauka daga kan bakansa gaba ɗaya ba. Ya ce shekarar ce ta zo da hadari lokacin nuna, da rana ta buɗe da ta cika. Yana da gaskiya ta wani ɓangare, shi ya sa muka ajiye ta a rukunin da za a sake dubawa.

Wannan rami manya sun riga mu faɗawa. A ƙarshen shekarun 1980 masana a IRRI, ƙarƙashin jagorancin Gurdev Khush, sun ga cewa iyakar amfanin shinkafar ban ruwa a ƙasashe masu zafi ta tsaya a wajen tan 10 a hekta da rani tun zamanin IR8. Suka zana sabuwar siffa: 'ya'yan gindi kaɗan amma kowane ya yi kai, ƙwaya 200 zuwa 250 a zangarniya, kara mai ƙarfi, ganye mai kauri a tsaye, tsawo kamar santimita 90 zuwa 100. Suka samo iyaye daga japonikar Indonesiya da ake kira bulu. Siffar ta fito yadda aka zana ta, amfanin bai fito ba. An rage 'ya'yan gindi har tsiron bai tara jiki isasshe ba, ƙwayoyin kuma suka ƙi cika. Sai da aka koma aka haɗa waɗannan layuka da indika daga tsakiyar shekarun 1990 aka ƙara yawan zangarniya aka ɗan rage girmanta, sannan abin ya fara gyaruwa. Haɗinmu ɗan ƙaramin kwafin wannan gyara ne.

Dalilin rashin cikar yana cikin ginin zangarniyar kanta. Furannin da ke kan manyan rassa na sama su ke fara buɗewa, su fara jan abinci, su cika da wuri. Na ƙananan rassa da ke ƙasa sukan makara da kwanaki, kafin su fara ja ganye ya soma tsufa. Kuma yawancin ƙarin ƙwayar da babbar zangarniya ke da shi a kan waɗannan ƙananan rassa yake. Don haka muka ƙara abu ɗaya a takardar zaɓe: a duba gindin zangarniya, ba kanta ba. Idan ƙwayoyin ƙasa sun yi tauri sun yi nauyi, a ɗaura mata zare. Idan kore ne ko fanko, a wuce komai kyanta.

14 ga Maris, 2024

F3 ta nuna a rumfar raga. Mun shuka ta a cunkushe cikin ƙananan tire, taki kaɗan, don ta yi saurin kai. Ba mu zaɓi komai ba, ƙwayoyi kaɗan kawai muka ɗauka daga kowane tsiro. Amfanin wannan zango shi ne tsarkake jini: a F2 rabin wuraren gadon da iyayen suka bambanta a gauraye suke, a F3 rubu'i, a F4 kashi 12.5 cikin ɗari, a F5 wajen kashi 6, a F6 wajen 3. Auna amfanin layin da bai zauna ba ɓata fangali ne.

2 ga Satumba, 2024

F4 tana gona, kowane layi daga tsiro ɗaya. Yanzu ne aka fara ganin hali na iyali ba na tsiro guda ba, kuma sai ido ya huta: layin da ya daidaita tsawo da lokacin fure ya bambanta da wanda har yanzu yake watse.

Makon nan ganye muke dubawa. Mafi yawan garin da ke cika ƙwaya ana sarrafa shi ne bayan fitar da kai, kuma ganyaye uku na sama su ke ɗauke da nauyin aikin, sauran kuma ya fito daga abin da kara da kube suka tara kafin fure. Ganyen da ya kwanta yana shan rana fiye da abin da zai iya amfani da shi, ya kuma yi wa na ƙasa inuwa. Wanda ya tsaya yana barin haske ya ratsa har ƙasa. Masu kiwon irin shinkafa na ƙasar Sin, a shirin da suka fara a 1996, sun ba wannan muhimmanci ƙwarai: ganyayen sama uku su kasance dogaye, tsayayyu, sirara, masu kauri, da ɗan lanƙwasa kamar kwararo, zangarniya kuma ta rataya ƙasa da su. Na ga hikimar abu na ƙarshen da idona. A layukan da zangarniya ke sama da ganye, ita ce ke tare rana, kuma nauyi yana can sama inda iska ke kamawa. Tsuntsaye ma sun fi sauka a kansu.

Mun kuma ƙidaya 'ya'yan gindi sau biyu, lokacin da suka kai iyakar yawansu da kuma bayan fitar da kai. Gajera tana fitar da 'ya'ya da yawa da ke mutuwa ba su yi kai ba, sun ci taki da haske a banza. Layin da bambancin ƙidayarsa biyu ya yi kaɗan muna ba shi maki, ko da jimlarsa ba ta kai ta Gajera ba.

7 ga Oktoba, 2024

An yi ruwa da iska mai ƙarfi daren jiya, shinkafa kuma tana tsakiyar cika. Da safe gonar ta yi mana zaɓen da ba mu iya shirya shi da kanmu ba. Mai-kauri, duk da kaurinsa, ya kwanta, tsawonsa ya ci amanarsa. Wasu gajerun layuka masu manyan zangarniyu su ma sun karye daga ƙasa. Mun tsaga karansu muka tarar gaɓoɓin ƙasa dogaye ne, bangonsu siriri, kube kuma ya riga ya bushe ya saki kara. Waɗanda suka tsaya suna da gajerun gaɓoɓi a ƙasa, bango mai kauri, kube kore da ya rungume karan gam. Gajarta kaɗai ba ta isa ba idan an ɗora wa tsiro kaya mai nauyi.

Duk layin da ya kwanta alhali maƙwabtansa na tsaye, mun soke shi. Inda fangali gaba ɗaya ya kwanta ba mu hukunta kowa ba, don wurin ne ke da laifi.

Wani abu da ya kamata mai karanta takardunmu nan gaba ya sani: akwai fararen kawuna a wasu layuka, aikin tsutsar kara ne. Idan aka ja zangarniyar takan zare cikin sauƙi, gindinta a cinye. An ware su daga ƙidayar holoƙo.

22 ga Janairu, 2025

Sakamakon ganyen da muka aika ɗakin gwaji ya dawo. Mun nemi a duba mana wasu ƙwayoyin gado da aka san aikinsu: sd1 na gajarta, Gn1a da aka bayyana a 2005 mai ƙara yawan ƙwaya a zangarniya, GS3 mai iko da tsawon ƙwaya, da NAL1 wanda nau'insa na japonikar ƙasashe masu zafi, da ake kira SPIKE, ke ƙara ƙwaya da faɗin ganye a jikin indika. Gwajin ya tabbatar mana waɗanne layuka ne suka zauna a waɗannan wurare, waɗanne ne har yanzu a gauraye, wannan kuwa taimako ne babba. Abin da bai yi ba shi ne gaya mana wanda zai fi amfani. Akwai layukan da ke ɗauke da duk abin da ake so a takarda, a gona kuma gindin zangarniyarsu fanko. Amfani yana rataye ne a kan ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa, kowace da ɗan ƙaramin tasiri, waɗanda aka sa wa suna kuma ƙalilan ne daga cikinsu. Ra'ayina shi ne a yi amfani da gwajin wajen zubar da wanda bai cancanta ba, a bar wa sikeli zaɓen wanda ya cancanta.

19 ga Mayu, 2025

Gwajin amfani na farko, F5, noman rani, fangali ɗaya ga kowane layi, Gajera kuma a warwatse cikin gonar a wurare da yawa don mu gane inda ƙasa ta fi kyau. A kowane fangali mun bar layukan gefe, muka girbe tsakiya, muka sussuke, muka sheƙe, muka auna nauyi da danshi, sannan muka mayar da kowane lissafi kan danshin kashi 14 cikin ɗari. Ba don haka ba, layin da aka girbe da ɗan ɗanye zai ci gasa da ruwan da ke jikinsa.

Zafi ya yi mana katsalandan. Idan ya haura digiri 35 a sa'o'in da fure ke buɗewa, jakar bununi ba ta fashewa da kyau, ƙwaya ta zama holoƙo. Layukan da suka yi jinkirin fure sun faɗa cikin kwanakin da suka fi zafi. Mun rubuta ranar furen kowane layi, don haka muna kwatanta na wuri da na wuri, na baya da na baya.

Duk da haka hoton ya fara fitowa. Layuka masu mafi girman zangarniya ba su ne a sama ba, masu mafi yawan 'ya'yan gindi ma haka. Waɗanda ke gaba 'yan tsakiya ne: zangarniya ta fi ta Gajera girma a fili, yawanta bai faɗi sosai ba, ganyen tuta, wato ganyen ƙarshe na sama, yana nan kore har ƙwayar ƙasa ta yi tauri. Layin da ya fito daga zangarniyar Baba ya cika fiye da yadda ya yi da damina, kamar yadda ya faɗa, amma yawan kawunansa a murabba'in mita ya yi ƙasa ƙwarai, sai ya tsaya a tsakiyar jeri. Mun riƙe shi a matsayin uba don barbarar gaba, saboda karansa yana cikin mafiya ƙarfi.

Fangali ɗaya a zango ɗaya ba hujja ba ce ta naɗa gwani. Mun dai yi amfani da shi muka zubar da rabin layukan, waɗanda ke ƙasan jeri, da ƙarin wasu.

3 ga Nuwamba, 2025

An gama girbin gwaji na biyu, F6, da damina. Wannan karon kowane layi ya sami fangali uku, an rarraba su da ƙuri'a a cikin rukuni uku, wurin girbi a kowane fangali bai gaza murabba'in mita 5 ba. Daga kowane fangali mun kuma yanke wasu ramuka daga tushe don ƙidaya zangarniya, ƙwaya cikakkiya da holoƙo, nauyin ƙwaya dubu, da busasshen nauyin kara da ganye.

Amfanin kowa ya sauka idan aka kwatanta da rani, Gajera ma haka. Ba abin mamaki ba ne, hadari yana rage hasken rana daidai lokacin da ake tsara yawan ƙwaya da lokacin cika ta. Abin lura shi ne jerin ya sauya. Biyu daga cikin na gaba da rani sun zame, duka biyun masu dogaro da babbar zangarniya, cikarsu ce ta faɗi. Wasu uku sun riƙe matsayinsu a zangon biyu. Ɗaya daga cikinsu ya fi Gajera a duka rukuni ukun, sauran biyun tazararsu da ita ba ta wuce bambancin da ke tsakanin fangalin Gajera da wani fangalin Gajera ba, don haka ba zan ce sun fi ta ba tukuna.

Awon kara ya nuna wani abu da zai shafi barbararmu ta gaba. Kason tsaba a jikin layin da ke gaba bai fi na Gajera da komai ba, duka suna wajen rabi. Ya fi ta ne da jimlar jiki, ya ɗan fi ta tsawo, ya rufe ƙasa da wuri bayan dashe, ya kuma ci gaba da tara nauyi bayan fure. Ga alama ƙofar rage kara don ƙara tsaba ta kusa rufewa, abin da ya rage shi ne tsiron da zai tara jiki da yawa ya kuma iya tsayuwa da shi.

Aikin da ke gabanmu kafin shukar rani: za a zaɓi zangarniyu daga layuka ukun a shuka kowace a layinta don tsarkake iri. Za a kai samfurin tsaba a sa a injin casa a ga yawan wadda ke fita ba karyewa da yawan mai fari a ciki kamar alli, domin ƙwayoyin gindin zangarniya su suka fi yin haka, kuma irin da ke karyewa a inji ba mai karɓarsa komai yawansa. Za a shuka layukan a gadon gwajin cutar bilas, mai sa tabo a ganye ta busar da wuyan zangarniya, da ta ƙunar ganye. Gwajin amfani na gaba zai kasance a wurare uku masu ƙasa daban-daban, da matakin taki biyu, wanda muka saba da kuma rabinsa. An riga an jiƙa irin layin da ke gaba da na zangarniyar Baba, za a zuba su mako-mako daga ranar Litinin don furensu ya haɗu.